Darasin Yau: Ruwan Ƙarshen Damina da Buhun Masararka



Tambayar da ta fi yawa kwanakin nan ita ce: "Malam, kaka ta shigo, masara za ta sauko, in zuba buroila yanzu saboda kasuwar ƙarshen shekara?" Lissafin daidai ne. Amma kafin ka sayi ko tiya ɗaya, ka fara sanin ko ruwa ya ɗauke da gaske. A wajenmu masu kaji da kifi, ruwan da ke sauka bayan an yanke masara ya fi na tsakiyar damina ɓarna, domin yana samunmu mun riga mun saki jiki.

Bari in fara da abin da ya same ni. Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida Matazu, na zuba buroila 200 a ƙarshen watan goma. A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa, an yanke masara an jingine a gona yana ta dukanta. Na shiga kasuwa na ga sabuwa da araha, na sayi buhu biyar na jibge a kan siminti a ɗakin ajiya, ina ta murna na yi dabara. A sati na huɗu kajin suka rage ci, girma ya tsaya, kashi ya yi ruwa, kullum da safe sai na ɗauke biyu ko uku. Na ba su maganin wannan na ba su na wancan, shiru. Da likitan dabbobi ya farke ɗaya, sai ga hanta ta kumbura ta koɗe. Ya ce in kai shi wurin abincin. Muka zazzage buhun ƙasa, cikinsa da ɗumi, masarar ta dunƙule da fumfuna kore-kore. Wallahi mun karanta wannan abin a aji, har jarrabawa na rubuta a kai, amma araha ta rufe mini ido. Kajin da suka rage sun tsumbure, ko uwar kuɗina ban mayar ba.

Me ya sa ruwa ke zarcewa?

Iska biyu ke juya mana shekara. Akwai mai danshi da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, akwai busasshiya da ke gangarowa daga Sahara. Mahaɗarsu tana hawa arewa har wajen watan takwas, sannan ta fara komawa kudu. Da ta wuce mu, sai ruwa ya ɗauke, hunturu ya biyo baya. Shi ya sa Daura da Jibiya kan riga Matazu bushewa, mu kuma mu riga Funtuwa da Ɗandume. In mahaɗar nan ta yi jinkirin komawa, sai ka ga hadari a lokacin da dattawa suka saba an gama. Kuma hadarin ƙarshen damina, kamar na farkonta, daga gabas yake zuwa da iska mai kwashe kwano.

Wannan ba sabon labari ba ne. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta fi tsanani ne a watan tara da na goma. Ta Maiduguri ma, da madatsar Alau ta ɓalle, ranar 10 ga Satumba, 2024 ne ruwa ya shiga gari.

Ina za ka samu hasashe?

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen shekara tun farkonta, wajen watan ɗaya ko na biyu. A ciki akwai lokacin da ake sa ran faɗuwar damina, lokacin ɗaukewarta da kuma tsawonta. Hukumar NIHSA kuma ita ke fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Amma wanda ya fi yi maka amfani a kaka shi ne na kwana uku-uku da NiMet ke saki, ana samunsa a shafukanta na intanet, gidajen rediyo ma kan karanta. Ka sani ranar ɗaukewar ruwa da aka rubuta kirdado ce, tana iya yin gaba ko baya da kwanaki. Saboda haka ni dokata biyu ce: sai na ga kwana goma ba ruwa, sannan hasashen kwana uku bai nuna hadari ba, kafin in yi babbar sayayya.

1. Abinci

Fumfunar da ke kama danyar masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afalatoksin. A 1960 ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila ta hanyar tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil, daga nan ne ma aka gano ta. Niƙa ba ya kashe ta, dafuwa ma haka. Tana lalata hanta, tana rage ƙwai, tana raunana garkuwar jiki har ka yi rigakafi ya ƙi kamawa. Kifi ma ba ta ƙyale shi ba.

Masarar ajiya ana so danshinta ya sauko zuwa kashi 13 cikin 100. Ba ka da na'urar awo? Ga hanya biyu. Ka ciji ƙwaya: busasshiya za ta fashe ƙaras, danya haƙori zai nutse. Ta biyu, ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba masara zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza minti ɗaya, ka ajiye kamar minti 15 ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba.

Kada ka tsaya a saman buhu, ka zura hannu ciki ko ka sa a soka daga ƙasa. In ka ji ɗumi ko warin ruma, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Wadda ka saya ka shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ka tsince masu baƙi da fasassu. Buhu kuma a kan katako, nesa da bango. Haka za ka duba ƙuli-ƙuli, waken suya da dusa. Abincin kamfani ma in ka ga ya dunƙule, mayar musu.

2. Ɗakin kaji

Tun kafin hadari ka hau ka duba ƙusoshin kwano, ka toshe inda ke yoyo, ka rataya labulen buhu ko leda a gefen gabas. A saukar da shi in hadari ya taso, a ɗaga in ya wuce. Kada ka toshe ɗaki ruf saboda tsoron sanyi. In ka shiga ka ji wari yana sa ka hawaye, to kajin sun daɗe suna shaƙarsa, mura ce za ta biyo.

Shimfiɗa, ɓuntun shinkafa ce ko dusar katako, ka damƙa a hannu ka saki. In ta watse lafiya lau, in ta dunƙule ta jiƙe, kwashe wurin ka zuba sabuwa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke renon cutar kashin jini, wadda ta fi kama kaji 'yan sati uku zuwa shida.

'Yan tsaki a satin farko suna son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35. Daren da aka yi ruwa sanyi kan sauko farat ɗaya, don haka gawayi ya kwana a kusa. In ka ga sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi ne. Sannan ka tabbata ka yi Lasota a kan lokaci, domin da hunturu ya shigo annobar kaji ke yawo gida-gida.

3. Kifi

Mai ramin ƙasa ya fi kowa shiga haɗari. Ka bar tazarar aƙalla taku ɗaya tsakanin ruwa da bakin rami, ka ɗaga gaɓar yadda ruwan gona ba zai gangaro ciki da laka da ragowar maganin feshi ba. Bututun fitar da ruwa a ɗaure masa raga, a kuma kewaye ramin da raga, don tarwaɗa tana iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta yi tafiyarta.

Mai tamfol ko siminti, ka rage ruwa kaɗan in an yi hasashen mamako. Ranar da gari ya wuni da lumshi, ko bayan ruwa mai yawa, ruwan kifi kan yi sanyi, iskar da ke cikinsa ta ragu, su kuma su rage ci. Ka watsa kaɗan ka gani. In ba su yi rububi ba, dakata. Abincin da ya nutse ba a ci ba kuɗinka ne, kuma shi zai ɓata ruwan. Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, saboda haka mai niyyar zuba ƙananan 'ya'ya dab da hunturu ya nemi waɗanda suka ɗan tasa, ya kuma tanadi abin rufe su da dare.

To yaushe za a zuba kajin?

Buroila na kai kasuwa a sati shida zuwa takwas. In Kirsimeti da sabuwar shekara kake hari, ƙarshen watan goma zuwa farkon na sha ɗaya ne lokacinka. In lokacin ya yi ruwa bai ɗauke ba, ka fara da abincin kamfani ko tsohuwar masara ko da ta fi tsada. Sati biyun farko abin da suke ci kaɗan ne, kafin su buɗe ciki sabuwar ta bushe.

Aikin gida na wannan satin: kowa ya gwada kwalba da gishiri a kan masarar da ke gidansa, ya faɗa mana abin da ya gani da garin da yake. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu kaka mai lafiya.