Yauƙin da ke cikin mazubin ruwan kaji

Masu kiwo, idan aka kira ni gona don kaji na mutuwa, kafin na taɓa ko kaza ɗaya, cikin mazubin ruwa nake fara sa yatsa. Galibi sai in ji santsi a jikin robar kamar na kuɓewa, alhali ruwan garau yake a ido.

Wannan santsin gidan bakteriya ne. Salmonella da E. coli kan manne a jikin roba ko bututu, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, su yi ta hayayyafa a ƙarƙashinsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da kuka zuba iyakarsa sama-sama, na ciki suna nan. Gulukos da bitamin da muke sa wa 'yan tsaki a ruwa kuwa su ne abincinsu, ga ɗumin ɗaki yana taya su. Shi ya sa za ku ba da magani kaji su warware, bayan ɗan lokaci zawo ya dawo, a ɗora laifin kan magani.

Ɗauraya ba wanki ba ce. A sa soso da sabulu a goge har santsin ya fita, sannan a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana. Masu layin bututu su kora ruwa mai ƙarfi a ciki bayan kowane ba da bitamin, su kuma wanke shi da sinadarin da aka yi don haka kafin zuba sababbin kaji.

Bushewa ma ba ta gamawa da bakteriyar. Salmonella na yin watanni cikin ƙura da busasshen kashin kaji, ɓeraye kuma su ɗauke ta su zuba a abinci. Clostridium mai ruɓar da hanji rufe kanta take yi cikin ɓawo mai tauri, ta jure zafi da yawancin magungunan feshi. Saboda haka kwashe ɓuntu kaɗai bai isa ba, sai an share ƙurar raga da ta rufi.

Akwai wadda wanki ba ya kamawa: Salmonella Pullorum, mai sa farin kashi, ta cikin ƙwai take bi daga uwa zuwa ɗan tsako. Ita kam, sai ku san wajen ƙyanƙyasar da kuke saye. Taifot ɗin kaji da kwalararsu kuma suna da rigakafi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin rigakafin.