Darasin Wannan Wata: Likitan Da Ya Sa Aka Cire Hannun Famfo

Darasinmu na wannan wata a kan ruwan sha ne. Za mu ga yadda binciken masana da aikin hukuma suke haɗuwa su tsare lafiyar gari.

A shekarar 1854, cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ƙasar Ingila. Cikin kwana goma, mutum wajen 500 suka mutu. A lokacin, mutane sun ɗauka wari da mummunar iska ne suke kawo cutar.

Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambaya: ina kuke ɗebo ruwa? Ya ƙirga mamatan kowane gida. Sai ya ga yawancinsu suna shan ruwan famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya, na titin Broad Street.

Likitan bai tsaya nan ba. Ya je wurin shugabannin unguwar, ya faɗa musu abin da ya gano. Washegari suka sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tono wurin. Ashe ramin masai ne dab da rijiyar, ƙazanta tana tsiyaya cikin ruwan.

Duk da haka, manyan hukumomi sun yi jinkirin yarda. Sai a 1858, da warin kogin Thames ya dami 'yan majalisa, suka yi doka, suka ba da kuɗin gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa. Bayan annobar 1866, Landan ba ta sake ganin babbar annobar kwalara ba.

To, mene ne darasi a nan? Masani yana gano dalilin cuta, amma ba shi da ikon rufe rijiya. Hukuma tana da iko, amma tana bukatar mai nuna mata inda matsala take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan cuta ba ta bar mu ba. A 2021, mutum fiye da 100,000 ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Garuruwanmu suna girma, gidaje suna matsewa, masai yana kusantar rijiya.

Ga abin da za mu yi:

1. A bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wato kamar dogon taku 40.
2. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga.
3. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan an zaga.
4. In gudawa ta kama mutane da yawa a unguwa, a lura da inda suke ɗebo ruwa. A sanar da mai unguwa da duba-gari nan da nan.
5. A ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi asibiti.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:

1. A wace shekara aka cire hannun famfon?
2. Me aka samu kusa da rijiyar?
3. Taku nawa ne tsakanin masai da rijiyar gidanku? Ku auna, ku kawo amsa aji.