Don Me Ake Riƙe Tsohon Magani?

Manomi, abu uku ke sa a riƙe tsohon maganin tsutsa. Na ɗaya, ya taɓa yin aiki. Na biyu, yana da araha. Na uku, mai sayarwa yana da saura a ajiye, ba ya son hasara.

Amma tsutsar kaɗa tana sabawa da magani. Wadda ta tsira ita ke yaɗuwa, zuriyarta ta gaji taurinta. Shi ya sa ake sauya magani.

Wani kuwa guba ne gare ka da iyalinka. Endosulfan, tun 2011 ƙasashen duniya suka amince a daina shi.

Kafin ka saya, sa malamin gona ya karanta maka sunan da ke jikin kwalbar.