Yadda Ake Sauke Mota da Gajeren Sifirin

A garejinmu, yawancin masu zuwa kan maganar sifirin so suke a ɗaga musu mota saboda ramuka. Jefi-jefi ne wani saurayi zai shigo da Golf 4 ɗinsa ya ce, "Oga, so nake ta kwanta." Irin waɗannan kwalliya suke nema, kada a ga tazara tsakanin taya da jikin mota, su kuma ji ta daina rangaji a kwana. Suna da gaskiyarsu, domin idan nauyin mota ya matso ƙasa, ta fi riƙe titi.

Sifirin da aka ƙera don wannan aiki, irin na Eibach ko H&R, yakan sauke mota da milimita 25 zuwa 35. Ya fi na asali gajarta, ya kuma fi shi tauri. Masu yanke na asali da giranda, ko su gasa shi da wutar walda, ba aiki suke yi ba. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakken sifirin kuma yana iya fita daga mazauninsa ranar da aka faɗa rami.

Da farko a auna tsayi daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin motar, a rubuta. Sai a ɗaga gaba, a tokare da ƙarfe, kada a bar ta a kan jak kaɗai. A cire taya, a kwance linkej, a zare tiyon birki da wayar ABS daga maƙalinsu. A Golf 4 gindin shokazoba a cikin wani matsi yake zaune, sai an cire noti an ɗan buɗa bakin matsin kafin ya zame. Daga nan a kwance notin sama a ƙarƙashin bonet, shokazoba ta fito da sifirinta a jiki.

To, nan ne ba na barin yaro ya yi shi kaɗai. Sifirin nan a matse yake tsakanin faranti biyu, yana riƙe da ƙarfin da ke ɗaukar ɗaruruwan kilo, noti ɗaya tak da ya rage a kan sandar tsakiya ne ya tare shi. Wanda ya kwance notin nan ba tare da ya danne sifirin ba, farantin sama zai tashi kamar harsashi, kuma galibi fuska yake nema. Ana kawo ƙarfen matsewa guda biyu, a maƙala su suna fuskantar juna, kowanne ya kama zagaye uku ko huɗu. A ɗaura wannan kaɗan, a koma wancan kaɗan. Idan aka fifita gefe ɗaya, sifirin zai lanƙwashe, ƙugiyoyin su zame su haɗu wuri guda, sai ta kwaɓe. A shafa wa zaren giris, a yi da hannu, a kwantar da shokazobar bakinta yana kallon bango, ba cikin mutum ba. Alamar an isa ita ce sifirin ya fara motsi a mazauninsa idan ka juya shi. Sai a lokacin za a riƙe sandar tsakiya da alanki, a kwance notin. Tsofaffin kanikawa da yatsa suke gane wannan sakin tun kafin ido ya gani, kuma ina jin daɗin kallon hannun da ya iya.

Wajen saka sabon, a lura na gaba daban, na baya daban, rubutun jikinsa kuma kada ya kasance a kife. Ƙarshen zagayen ƙasa dole ya zauna daram a gurbin da aka yi masa a faranti. In ya kauce, mota za ta karkace, ta riƙa ƙara duk lokacin da aka murza sitiyari. Tun da an riga an buɗe, a duba boris da robar sama, a sauya robar da ke tare shokazoba idan ta nutse. Shokazobar da ta fara yoyon mai kuwa a jefar, gajeren sifirin ƙarasa ta zai yi.

Baya ba wuya. Sifirin daban yake da shokazoba, ana kwance notin ƙasa, a sassauta jak a hankali, a zaro shi da hannu.

Notocin da suka ratsa bushin ba a ɗaure su tamau sai mota ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. A yi 'yan kwanaki ana hawa sifirin ya zauna, a sake awo, sannan a kai ta saitin ƙafa, a gyara hasken fitila. Wanda ya tsallake saiti, cikin tayarsa ne zai cinye.

Kafin mai Golf 4 ya tafi nakan durƙusar da shi ya leƙa ƙarƙashin injin. Kaskon baƙin mai na alminiyam ne, dama can kusa da ƙasa yake, yanzu kuma ya ƙara matsowa da faɗin yatsu biyu. Tudun hana gudu sai a hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.