Kafin Ka Haɗa Littafin Tsirran Garinku

Malam, in za ka haɗa wa ɗalibanka ɗan littafin sanin tsirrai, kada ka dogara da suna kaɗai. A wasu wurare bagaruwar Makka ake ce wa zogale, alhali babu abin da ya haɗa shi da bagaruwar majema. Tambayi tsofaffi da makiyaya, ka rubuta duk sunan da suka ba ka.

Hoton ganye ɗaya ba ya isa. Ɗauki ɓawo, fure da 'ya'ya, ka kuma koma wa itacen rani da damina. Gawo da damina yake zubar da ganye, yaro sai ya ɗauka ya mutu.

Don Allah ka sa wa zaƙami da bini-da-zugu jan alama, 'ya'yansu guba ne. Nonon tumfafiya kuwa kada ya kusanci ido.