Inuwa da Hantsi: Nazarin Buƙatar Hasken Gwazar Ado a Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta dubi yawan hasken da shukar Caladium bicolor take buƙata a ɗaka da tsakar gida, a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ta nuna cewa ƙa'idojin da ake fassarowa daga littattafan lambu na Turai da Amurka ba su dace da tafiyar rana a yankin ba, kuma kalmomin Hausa na lokutan yini da na inuwa sun fi su fayyace abin da ake nufi.

1.0 Gabatarwa

Asalin wannan shuka dazuzzukan Kudancin Amurka ne, musamman Barazil, inda take tsirowa ƙarƙashin manyan itatuwa. Danginsu ɗaya da gwaza da makani, sai dai ita don kyan ganyenta ake shuka ta, mai ratsin ja da fari da kore. Masu sayar da tsirran ado kan haɗa ta da sauran hajarsu a ƙarƙashin kalmar "fulawa", wadda ba ta bambance komai ba. A nan za a kira ta gwazar ado. Gwaza tsohuwar kalma ce da Dalziel ya kawo cikin littafinsa na sunayen tsirrai a Hausa tun 1916. Shi kansa sunan Latin ɗin daga keladi aka samo shi, wato sunan gwaza a harshen Malay, saboda haka ba a yi wani sabon abu ba. Kalmar "ado" kuwa dole ce, domin shukar tana ɗauke da sinadarin nan mai sa ƙaiƙayi a ɗanyar gwaza, ba a cin ta, kuma ya kamata a nisanta ta daga yara da awaki.

2.0 Ma'aunin Haske

Ranar tsaka idan gari ya yi garau takan kai lukus 100,000, wato ma'aunin ƙarfin haske. Masu noman gwazar ado a jihar Fulorida, inda ake samar da mafi yawan irinta, sukan ba ta tsakanin rubu'i da rabin wannan adadi. Tsakiyar ɗaki kuwa da ƙyar yakan wuce ɗaruruwan lukus, ko da ido yana ganin wurin da haske.

Shukar kan nuna halin da take ciki. In haske ya gaza, sai ƙafar ganyen ta yi tsawo ta yi laushi har ta kwanta, launin ya dusashe. In ya yi yawa, gefen ganyen ya ƙone, tsakiyarsa ta huje. Mai faffaɗan farin ganye ta fi saurin ƙonewa, mai siririn ganye mai kauri ta fi jure rana.

3.0 Matsalar Tagar Arewa

Littattafan Ingila da Amurka sukan ce a ajiye shukar a tagar arewa, domin a can rana ba ta dukan wannan ɓangare da tsaka. Wanda ya fassara wannan kai tsaye ya fassara kalma ne, ya bar yanayin ƙasa a baya. Ƙananan hukumomin nan huɗu suna tsakanin digiri 10 da 12 ne a arewa da layin Ikwaita. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakiyar ka, a mako na uku na Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take bi, har a watan Yuni takan karkata da kimanin digiri 12. Ke nan bangon arewa ne ke shan rana daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, daidai lokacin da gwazar ado ke fitar da ganye. Da ɗari, sa'ad da bangon ya samu inuwa, ta riga ta zubar da ganyenta.

Manomi ya san wannan ba tare da digiri ba, tun da yana ganin yadda inuwar rumbunsa ke sauya gefe. Abin da ya fi dacewa a rubutun Hausa shi ne a bar zancen kusurwa a koma ga lokaci. A ce ta sha hantsi, a ɗauke mata rana daga walaha, kada ta ga ta azahar, sannan ba laifi in ta samu ta la'asar sakaliya. Wannan umarni yana aiki a kowane wata, kuma ko wanda bai je boko ba zai fahimce shi. A aikace, baranda ko taga mai duban gabas ce ke cika sharaɗin. Ƙuryar ɗakin ƙasa mai 'yar ƙaramar taga ba za ta raya ta ba, gara a ajiye tukunyar a bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa.

4.0 Inuwa Iri-iri

Turawa sun raba inuwa zuwa cikakkiya da rabi. Bahaushe kuwa da mai ita yake kiran ta, kuma a ganin mai nazari wannan ya fi amfani. Inuwar tsohon mangwaro ta cika duhu, sai dai a gefenta inda hantsi ke shigowa. Ta ɗorawa tana da ratsin haske, ta fi kama da ta dajin da shukar ta fito. Haka ma rumfar kara, saɓanin ta kwano da ke tare haske ta tara zafi. Gawo ba abin dogaro ba ne, domin da damina yake zubar da ganye, lokacin da ake neman inuwarsa. Giginya kuwa karin magana ta riga ta yanke mata hukunci: na nesa ka sha.

Yankin ma ba ɗaya ba ne. Doguwa, mai tsaunukan Riruwai, da Tudun Wada, waɗanda dajin Falgore ya ratsa, sun fi samun ruwan sama da hadari da laima, shi ya sa shukar za ta iya jure ƙarin hantsi a can. Bebeji da Kiru sun fi bushewa. Ko a kusa da madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974, yawan ban ruwa ba ya hana ganye ƙonewa a ranar Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40.

5.0 Lokacin Ɗari

Da kaka ta wuce, ganyen kan bushe gaba ɗaya. Mutane da dama sukan ɗauka rashin haske ne, su fitar da ita rana ko su ƙara mata ruwa, saiwar ta ruɓe. Hutawa take yi. Sanyin da ya gaza digiri 15 yana cutar da saiwar, daren hunturu a Kano kuma kan sauka ƙasa da haka. A wannan lokaci kaɗai ƙuryar ɗaki ke da amfani gare ta: a tsayar da ban ruwa, a shigar da tukunyar ciki, a mayar da ita inuwar gabas idan ruwan farko ya sauka.