Mariama Keita, mace ta farko ƴar jarida a Nijar

Ɗan uwa mai karatu, ka san lokacin nan na dare. An yi sallar lisha, an ci tuwo, sai maigida ya murɗa rediyo ya ce yara su yi shiru, za a ba da labaru. Haka ake yi a Bazaga, haka ake yi a Ƙonni da Malbaza da Illela. To, wanda kake ji yana magana cikin akwatin nan, ba da ka yake faɗa ba. Takarda ce gabanshi, karantawa yake yi. Yau za mu ga labarin wata mata wadda ta yi wannan aiki tun babu mata cikinshi. Sunanta Mariama Keita.

A Yamai anka haife ta, cikin shekarar 1946. Lokacin nan Faransawa ke mulkin ƙasarmu. Yara kaɗan ake sawa lakwal, ƴan mata kuwa ba a ko maganarsu. Tambayi tsofaffin garinku, za su ba ka labarin yadda ake ɓoye yara in an zo ɗaukar ƴan lakwal. Ita Mariama ta yi karatu. Tana da shekara 12 anka buɗe gidan rediyon Nijar, a 1958. Tana da 14 ƙasa ta samu ƴancin kai, a 1960. A 1974 ne anka sauya ma gidan rediyon suna, ya zama Muryar Sahel, wato La Voix du Sahel. Nan Mariama ta yi aikin rubuta labaru da karanta su. Ita ce mace ta farko ƴar jarida a Nijar.

Kada ka ɗauka aikin nan zaƙin murya ne kawai. Kafin a buɗe baki, an sha wahala. Labari ya zo daga Tawa, wani daga Damagaram, wani daga ƙasashen waje. Sai an bincika an gani ko gaskiya ne. Wa ya faɗa? Yaushe abin ya faru? Ina? Mutum nawa? Sa'an nan a zaɓi wanda za a sa gaba da wanda zai biyo baya. A rubuta shi gajere, don lokacin a ƙayyade yake. In an gama, masu fassara su juya shi zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa. Mai karanta labaru a talabijin ma aikinshi ke nan, sai dai shi ana ganin fuskarshi.

In kai ka yi kure cikin hira bakin kasuwa, mutum biyar sunka ji ka. In mai karanta labaru ya yi kure, ƙasa duka ta ji. A ce ya faɗi ranar rigakafin yara ba daidai ba. Mata nawa za su tako da goyo daga ƙauye a banza? Shi ya sa ba kowa ake ba wannan kujera ba. Mariama ta riƙe ta har ta kai ga zama shugabar gidan rediyon Muryar Sahel.

A 1991 abubuwa sunka sauya a Nijar. Ana shirin babban taron ƙasa, sai anka sa mace ɗaya tak cikin kwamitin shirya shi. Ranar 13 ga watan Mayu mata sunka fito titunan Yamai sunka ce ba su yarda ba. Dole anka ƙara mata biyar. Daga nan ranar 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar. Mariama na cikin matan da sunka tsaya ma haƙƙin mata a wannan zamani. Ta jagoranci CONGAFEN, wadda ta haɗa ƙungiyoyin mata wajen 50.

Ga aikinta da ya fi kusa da mu ƴan ajin yaƙi da jahilci. Ranar 26 ga Disamba 1992 ƴan ƙasa sunka jefa ƙuri'a sunka amince da sabon kundin tsarin mulki. Kundin nan shi ne uwar dokoki. Shi ke faɗin yadda ake zaɓen shugaba, da iyakar ikonshi, da haƙƙin talaka. Amma da Faransanci anka rubuta shi, kuma mafi yawan masu ƙuri'a ba su iya karanta shi ba. Dokar da ba ka san abin da ta ce ba, yaya za ka nemi haƙƙinka da ita? Mariama na cikin waɗanda sunka tashi sunka yi ta bayyana ma jama'a abin da ke cikin kundin. A 1993 anka yi zaɓe na jam'iyyu da yawa, Mahaman Usman ya ci. Kundin bai yi tsawon kwana ba, don sojoji sun kifar da gwamnatin cikin Janairu 1996.

Daga 2003 zuwa 2006 ta shugabanci hukumar da ke sa ido ga kafofin watsa labaru a lokacin, wadda ake ce ma CSC. A wancan lokaci hukumar ce ke ba da iznin buɗe rediyo da talabijin, ita ke jan kunnen wanda ya ƙetare doka. Lokacin zaɓe kuma, kamar na 2004, ita ke raba ma jam'iyyu lokacin magana a rediyon gwamnati. Kujera ce mai zafi. In ka tsananta, ƴan jarida su ce ka toshe musu baki. In ka sassauta, masu mulki su ɓata rai.

Mariama Keita ta rasu ranar 29 ga Oktoba 2018 a ƙasar Turkiyya, bayan doguwar jinya. Tana da shekara 72. Allah ya jiƙanta.

Tambayoyi

A wace shekara anka buɗe gidan rediyon Nijar?

Me ake yi ma labari kafin a karanta shi a rediyo?

Me ya fito da mata titi ranar 13 ga Mayu 1991?

Rubuta labari ɗaya da ya faru a garinku cikin makon nan, layi huɗu. Ka faɗi wa, da ina, da yaushe. Gobe kowa zai tashi ya karanta nashi gaban aji.